Ranar da Muka Je Dubiyar Lois

Injin niƙana yana bakin hanya a Mayo Gwoi, ƙarƙashin mangwaro, yau shekara goma sha tara. Mama Mai Inji ake ce mini, har sunana na gaskiya ya kusa ɓacewa. Duk macen unguwar nan ina gane kwanonta kafin in ga fuskarta. Kuma bari in faɗa muku, mace ba ta iya ɓoye wa mai niƙa komai, domin dole ta sunkuya ta ajiye kwano, dole ta sunkuya ta ɗauka. A sunkuyon nan nake gane wadda ta kwana lafiya da wadda aka kwana a kanta.

Can na fara gane abin da ake yi wa Lois.

Lois 'yar garin Mutum Biyu ce, aure ya kawo ta Jalingo, gidansu na uku daga injina. Mijinta Nathaniel direba ne, yana da farar bas tasa ta kansa, kuma shi ne shugaban mawaƙan cocinmu. In ya ɗaga murya ranar Lahadi, tsofaffi har hawaye suke yi. Ni ma na sha yi, ba zan yi muku ƙarya ba. Suna da yarinya ɗaya, Jennifer, 'yar shekara huɗu, ga kuma ƙaramin ciki.

Wata Talata da safe na gama niƙa mata masara, sai ta tsaya tana kallon kwanon.

"Mama, ki taimaka ki ɗora mini."

"Ke da ƙuruciyarki? Ni tsohuwa zan ɗora miki?"

Ta yi dariya irin wadda ba ta kai ciki ba. Ta gwada ɗaga hannun dama, ya tsaya a rabi. Na ja ta bayan rumfa na ɗaga rigarta. Jama'a, bayan yarinyar nan kamar an yi huɗa a gona. Sabon shati a kan tsoho, tsoho a kan wanda ya fi shi tsufa.

"Da me?"

"Bel ɗin mota."

"Me kika yi?"

"Ya kira waya, ina wanka, ban ɗauka da wuri ba."

Fuskarta kuwa sumul, ko ƙwarzane babu. Nathaniel ba ya taɓa fuska. Matar shugaban mawaƙa a layin gaba take zama, kowa yana ganinta. Mutumin da ake cewa zuciya ce ke ɗebe shi, ashe zuciyar tasa ta san inda riga ke rufewa.

Ban tsaya ba, na rufe inji na tafi wajen uwarsa, Mama Victoria. Na same ta tana tsince wake, ko kai ba ta ɗaga ba.

"To, sai me? Uban Nathaniel ya cire mini haƙori biyu, ga ni nan ina goyon jikoki. Yaran yanzu fatarsu kamar takarda. Ki ce mata ta riƙa ajiye waya kusa da ita."

Na wuce wajen Baba Zacchaeus, dattijon ikilisiya, wanda ke sasanta ma'aurata. Ya saurare ni yana gyaɗa kai, ya ce in rage murya. Kirsimeti ta kusa, in maganar nan ta fita wa zai riƙe mawaƙa? Ya kira Nathaniel da Lois ɗakinsa. Akwai abin da yake yi a irin wannan zama, kowa a cocinmu ya san shi. Sai matar ta durƙusa ta miƙa wa mijin kofin ruwa da hannu biyu, ya sha rabi, ya ba ta sauran ta shanye, shi ke nan an ce magana ta mutu. Wadda aka daka ita ce a ƙasa, wanda ya daka shi ne a kujera. Lois ta durƙusa da ƙyar, ta miƙa kofi da hannu ɗaya da rabi. Nathaniel ya sha yana share ido.

Suna komawa gida ya tambaye ta wa ya ba ta izinin buɗe wa mai niƙa bayanta. Washegari ba ta zo niƙa ba.

Na kai ta caji ofis. Ɗan sandan da ke kan kanta ya dube ta sama da ƙasa.

"Madam, ina ciwon? Ni ban ga komai ba. Mijinki ne, ko? Maganar gida ce, ku je manya su sasanta."

Na ce manyan sun sasanta, ga sakamakon. Ya ce to a sake.

Haka kwanaki suka yi ta tafiya. Lois ta daina gaisuwa da ƙarfi. In bas ta tsaya a bakin hanya, ko ta wa ce, sai kafaɗarta ta tsuke. Jennifer ta koyi shiga ƙarƙashin gado ba a ce mata ba. Ranar da ta fara ganin jini, ni na sa ta a keke muka tafi asibiti. Ta ce wa nas ɗin faɗuwa ta yi a banɗaki.

Nas ɗin wata doguwar Bafulatana ce, sunanta Hajaratu. Ta ja labule, ta duba, sannan ta ce:

"Cikin yana nan, bai fita ba. Amma 'yar'uwa, faɗuwa ba ta barin shatin bel. In kin koma gidan nan, ban san me zan gani nan gaba ba."

Ta ce akwai wani gida da ake ajiye mata irinta. Akwai ɗaki, akwai abinci, akwai mai zama da ke ta saurare ki, akwai lauya mace da za ta nemo takardar kotu wadda za ta hana shi matsowa kusa. Ba wanda zai sa ki durƙusa. Lois ta ce ba za ta je ba sai da ni, tsoro take ji. Hajaratu ta juyo ta kafe ni da ido, ta kira ni Dada, wato uwa a Fulatanci.

"Dada, ki saurare ni da kyau. Gidan nan ba shi da allo, ba shi da suna. Akwai mata huɗu a ciki, kowacce akwai mai nemanta. Abin da ke tsare su ba katanga ba ce, rashin sani ne. Ko Fastonku ne ya tambaye ki, ba ki sani ba."

Na ɗora hannu a ƙirji na ce ko za a yanka ni.

Da rana tsaka, Nathaniel yana hanya da fasinja, muka ɗauki Jennifer da leda ɗaya ta kaya. Gidan yana can ƙarshen gari, mai koren get, ba abin da ya bambanta shi da na maƙwabta. Mai kula da shi wata mace ce mai sanyin magana, Anti Ruwaida. Ta karɓi ledar, ta ce wa Lois, "Sannu da zuwa, kin iso." Ban taɓa jin an yi wa yarinyar nan magana haka ba.

Sati uku ta yi a can. Takan kira ni da wayar gidan. Ta ce tana cin abinci har tana neman ƙari. Ta ce Jennifer ta daina shiga ƙarƙashin gado. Wata rana na ji ta yi dariya sosai, har na cire wayar daga kunne na dube ta, don ban san muryar ba. Ta ce lauya ta gama shiri, ranar Litinin mai zuwa za a shiga kotu.

A nan gida kuwa Nathaniel ya bar gemu, ya daina guga. Ranar Lahadi ya tsaya a gaban jama'a ya fara waƙa, muryarsa ta karye a tsakiya, ya rufe fuska. Coci ya ɗauki salati irin namu, mata suna "Wayyo, bawan Allah." Ranar Alhamis ya shigo taron Zumuntar Mata ya zube a ƙasa.

"Iyayena, na yi kuskure. Ba na neman ta dawo. Ina so kawai in ji suna cin abinci."

Yana fita, shugabarmu Mama Sandra ta gyara zama. Ku da ba 'yan Zumunta ba, bari in gaya muku. Mu, in 'yar'uwa ta kwanta ciwo, ko ta haihu, ko ta yi rashi, sai mun je. Mu ɗaura zanenmu iri ɗaya, mu ɗauki tulun kiɗa da caki, mu dafa abinci, mu tafi muna waƙa har ƙofar ɗakinta. Abin alfaharinmu ne, kuma abu ne mai kyau. Ranar da mijina ya mutu su suka riƙe ni.

"Tun da aka kafa Zumunta a cocin nan," in ji Mama Sandra, "ba a taɓa barin 'yar'uwa tana jinya sati biyu ba a leƙa ta ba. Sai a kan Lois? Mama Mai Inji, an ce ke kika raka ta."

Na ce ban sani ba.

"Ji ta! Tsohuwa da ƙarya a cikin ɗakin Allah."

"Ko kin shiga aikin 'yan sandan ciki ne ba mu ji ba?"

"Mu da muka yi mata wankan jego za a ɓoye wa? Baƙi sun fi mu sonta ke nan?"

Maganar ƙarshen nan ita ta shige ni. Na riƙe bakina ranar, na riƙe Lahadi, na riƙe har Alhamis ta zagayo. Suka daina amsa gaisuwata da kyau. Wasu suka fara kai niƙa gaba. Ni kuma da ma Allah ya yi ni da son hira, shiru yana mini nauyi kamar dutse. Na ce a raina, ai waɗannan iyayenta ne, ba maƙiya ba. Sai na ce, "To. Amma mu uku kawai, ba zanen Zumunta, ba waƙa." Mama Sandra ta ce an gama.

Ranar Asabar na iso bakin coci na tarar da mata goma sha shida, kowacce da zanen Zumunta da farin ɗankwali. Ga tulu, ga caki, ga kuloli shaƙe da tuwo da miyar karkashi. Ga kuma farar bas a tsaye.

"Motar wa ce wannan?"

"Nathaniel ya ba mu, har da mai. Kin ga alamar tuba ke nan. Shi ba zai je ba, ƙaninsa Tobias zai tuƙa. Shiga gaba, ke ce idonmu."

A nan ya kamata in juya in tafi gida. Na sani, tun a lokacin na sani. Amma mata goma sha shida sun tashi tun asuba sun yi girki, suna kallona, ni kuma kunya ta kama ni. Kunyar kada a ce na watsa musu ƙasa a ido. Na shiga gaba na zauna kusa da ƙanin mutumin da ya farfasa mata baya, na riƙa nuna masa hanya. Nan dama. Nan hagu. Da wannan yatsar da nake riƙe biro da ita.

Muka sauka a bakin koren get da waƙa. Tulu yana tashi, caki yana amsawa. Maƙwabtan da suka yi shekara ba su san me ke cikin gidan ba duk suka fito kallo. Anti Ruwaida ta buɗe ƙaramar ƙofa. Ta dubi zannuwanmu, ta dubi bas, ta dube ni. Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Lois ta leƙo ta bayanta da murmushi, don ta gane muryoyinmu. Sai idonta ya faɗa kan motar. Na ga murmushin ya mutu a fuskarta. Ta zauna a ƙasa daɓas.

"Mama," ta ce, "me na yi miki?"

Anti Ruwaida ta rufe ƙofa. A hanyar dawowa Mama Sandra sai faɗa take yi, an kore mu kamar ɓarayi, da abincinmu a hannu, mutanen da ba su san mutunci ba. Tobias yana tuƙi yana fito da baki.

Abin da ya biyo baya Anti Ruwaida ce ta ba ni labari. Tun a ranar suka fara neman inda za su kwashe matan, amma ba a samun irin wannan wuri a yini ɗaya. Suka ce su lallaɓa zuwa Litinin. Nathaniel bai jira Litinin ba. Lahadi ana tashi daga coci, da kwat ɗinsa na waƙa a jiki, ya zo da uwarsa da Baba Zacchaeus. Bai buga get ba. Ya tsaya jikin katanga ya ɗaga muryar nan tasa mai daɗi.

"Jenny! Jenny, Baba ya zo da biskit!"

Mai gadi ya buɗe ƙaramar ƙofa don ya ce su bar wurin, yarinya ta sulale ta ƙarƙashin hannunsa. Yarinya ce, ubanta ne. Mama Victoria ta cafe ta ta shige bas da ita.

"Ni ban zo ɗaukar kowa ba," in ji Nathaniel. "'Yata na ɗauka. Mai son 'yarta ta biyo ta."

Anti Ruwaida ta kira 'yan sanda, ta riƙe hannun Lois tana roƙonta ta jira, kotu za ta karɓo mata yarinyar. Bas ta tashi. Jennifer ta fara ihu tana dukan gilashi. Lois ta fizge hannunta ta fita ba takalmi. 'Yan sanda sun iso bayan awa ɗaya, suka tarar da ƙura.

Da yamma Baba Zacchaeus ya sake kawo kofinsa. Ta durƙusa, ya sha rabi, ta shanye. Ya aika wa Zumunta godiya, wai ta dalilinmu gida ya gyaru. Mama Sandra har da guɗa.

Ranar Laraba da safe na tayar da inji kamar kullum. Injina tsoho ne, in yana aiki ko kusa da ni kake sai ka yi ihu. Na yi niƙa kwano shida kafin in ga maƙwabciyar su Lois ta taho a guje tana ɗaga hannu. Daga baya Lois ta gaya mini tun asuba ya kulle ƙofa ya zauna a bakin gado da bel a cinya. Bai taɓa ta ba. Jira yake yi in tayar da inji.

Wannan karon ya taɓa fuska. Cikin ya fita. Haƙarƙari uku sun karye. Kunnen hagu ya mutu, likita ya ce ba zai dawo ba.

Ku zo ku ji bakin mutane bayan haka. Nathaniel ya ce ta tona masa asiri a gari, wane namiji ne zai jure? Uwarsa ta ce da ba ta gudu ba da duk haka ba ta faru ba. Baba Zacchaeus ya ce a sa shi horo, ya zauna a bencin baya wata uku. Wata uku a benci, a kan ɗan da bai ga duniya ba da kunnen mace! Mama Sandra kuwa ta ce, "Mu dai niyyarmu alheri ce, Allah ya gani." Ba wanda ya ce laifinsa ne. Ko ɗaya.

Lauyar ce ta tsaya da takardun asibiti har aka kama shi, ita ce kuma ta karɓo Jennifer daga hannun kakarta. An ba da belinsa, shari'a tana nan ana ɗagawa. Gidan koren get an rufe shi. Mata huɗun nan da ban taɓa ganin fuskarsu ba, waɗanda ba su yi mini komai ba, aka rarraba su cikin gaggawa. Ɗaya ta tsorata ta tafi da kanta, har yau ba a ji inda ta faɗa ba.

Na je asibiti ni kaɗai, da tsohon zanena. Hajaratu ta tare ni a baranda.

"Kin san wata nawa muka yi muna neman mai gidan da zai yarda ya ba mu wurin nan? Na ce miki ko Fasto."

Ba ta ce mini Dada ba. Ban ga laifinta ba.

Lois tana kwance, fuska a kumbure. Na fara magana, sai ta ce, "Mama, zagayo ta nan, wancan ba ya ji." Na zagaya na durƙusa a gefen gadon, ni da furfurata. Na ce ta yafe mini. 

"Ke kaɗai kika taɓa ɗaga rigata ki duba," ta ce. "Ban manta ba. Amma Mama, in an sallame ni za a kai mu wani wuri. Kada ki tambaya."

Na ce ba zan tambaya ba.

"In kin tambaya ma ba za a faɗa miki ba. Ni na ce kada a faɗa."

Abin da ya sa na zauna na rubuta wannan da hannuna ke nan. Nathaniel mugu ne, wannan ba sai na faɗa ba. Amma shi kaɗai bai isa ya gano gidan nan ba, sati uku yana nema bai samu ba. Mu muka kai shi, da waƙa da tuwo. Shekara nawa yana dukanta gida uku daga injina, Zumunta ba ta ɗaura zane ta je ƙofarsa ta tsaya ba. Ba mu ɗauki tulu mun je wajen Baba Zacchaeus mun ce ya ajiye kofin nan ba. Sai da yarinya ta samu inda take barci da ido biyu a rufe, sannan zumuncinmu ya motsa. Ba don ita muka je ba. Mun je ne don kada a ce ba mu je ba. In mace ta gudu don ta tsira da ranta, wanda ya fi sonta shi ne wanda ya yarda bai san inda take ba.

Satin da ya wuce Mama Sandra ta zo da masararta. Ta ajiye kwano, ta matso kusa, ta rage murya.

"Mun haɗa mata ɗan sabulu da zane. An ce an sallame ta. Ina aka kai ta?"

"Ban sani ba, kuma na gode wa Allah."

"Haba, Mama Mai Inji. Ko kwatance? Wannan karon mu biyu kawai, ba waƙa."

Na dube ta. Na naɗe igiya a hannu na ja da duk ƙarfin da ya rage mini. Inji ya tashi. Bakinta yana ta motsi, ni kuwa na juye masararta a ciki.